Wa Ya Ce Duk Wanda Aka Kama Mai Laifi Ne?

Ranar wata Juma'a bayan sallah na zauna a wata majalisa a Fagam, hira ta kai mu kan kurkukun Gwantanamo da Amurka ta buɗe a 2002 ta zuba Musulmi babu shari'a. Kowa ya yi Allah wadai. Sai na kawo maganar waɗanda sojoji suka tsare a barikin Giwa na Maiduguri. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce mini: "Malam, ai da ba su yi komai ba, da ba a kama su ba." Tun ranar maganar nan take ci mini rai.

Na ce masa, Baba, wa ya gaya maka? Ƙungiyar Amnesty International ta ruwaito a 2015 cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a hannun sojoji a tsare tun daga 2011, da yunwa da ƙishirwa da cunkoso. Wane alƙali ne ya yanke musu wannan hukunci? Matan Bama da suka kafa ƙungiyar Knifar sun yi shekara da shekaru suna roƙon a nuna musu mazajensu, ko a kotu ko a kabari.

Ba na kare 'yan ta'adda. Mu mutanen Gwaram mun ga aikinsu a watan Afrilun 2014, da suka far wa ofishin 'yan sanda suka kashe jami'ai. Wanda ya zubar da jini a kai shi kotu, a yanke masa abin da ya cancanta. Amma sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban alƙali ba tare da jan lokaci ba. Musulunci kuwa ya ɗora hujja a kan mai ƙara. Tun muna makarantar allo muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kyanwa fa! To ina ga ɗan Adam?

Wannan magana ta "da bai yi komai ba" ita ce cutarmu. Da ita muke wanke hannu mu juya baya ga uwar da aka ɗauke wa ɗa. Da ita muka yi shiru lokacin da kotu ta ba da umarnin sakin Sheikh Zakzaky a Disamban 2016 aka ƙi bi, don kawai aƙidarmu ta bambanta. Da ita wasu suka kalli yaranmu na Arewa da aka tsare suna faɗuwa don yunwa a kotun Abuja a Nuwamban 2024. Shin Sule Lamido, ɗan Bamaina ta Birnin Kudu, da gwamnatin Abacha ta tsare a 1998, sata ya yi? Ra'ayinsa ya faɗa. Gemun ɗan'uwanka in ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga kuma wakilanmu. Lokacin zaɓe za su zo da taliya da sabulu da atamfa, mu karɓa muna godiya, ba wanda zai tambaye su ranar da suka taɓa tashi a majalisa don wani talaka da ke tsare. Hanyoyin ƙauyukanmu ma da damina ke cinyewa ba su isa su tuna ba, balle fursuna.

Jama'ar Fagam, ku je ku yanki katin zaɓe. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, ku tambaye shi abin da zai yi wa waɗanda ke tsare babu shari'a. In ya kasa amsa, ku hana shi ƙuri'arku.