Ra'ayinmu: A Riƙa Leƙa Rugage Ma

Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale cikin 1992 tana da wata al'ada abar yabo: a zango na uku, ɗalibai kan bar aji su tare a ƙauyuka, su ga yadda talaka ke noma da ci. Madalla.

To amma fa abinci ba masara da doya kaɗai ba ne. Nono da wagashin kasuwannin Tamale daga ruga suke fitowa. Saboda haka muna roƙon malaman aikin gona na Nyankpala su riƙa turo ɗalibai rugage, su kwana, su ga yadda rani ke ƙafar da nono, su nuna wa matanmu hanyar adana shi kada ya lalace. Mu kuma za mu shimfiɗa musu tabarma.