Albasa da siminti a kan hanya ɗaya

Duk wanda ya taɓa ganin jerin motoci a bakin shinge, tsakanin Malbaza da Birnin Ƙonni, ya san cewa jira ba ya cin kowa daidai. Kamiyon siminti yana iya kwana uku cikin rana, kayansa ba su canza ba. Kamiyon albasar Galmi kuwa, kowane wuni asara ne. Mai hankali zai ce a bar albasa ta fara wucewa. To amma sai an san wace mota ce ta ɗauko ta.

Wannan matsala ita ce ta injiniyoyin sadarwa. Idan tsohuwa a Illela tana magana ta intanet da ɗanta da ya tafi bida Abijan, muryarta ba ta tafiya a dunƙule. Yanka ta ake yi ƙananan ƙunshi, su bi waya tare da hotunan biki, da bidiyon ƴan kokowa, da takardun ma'aikatu. A kowace mahaɗa akwai akwatin rarraba saƙo, wanda masu Faransanci ke kira komitater, kuma babbar jijiya guda ce ke haɗa akwati da akwati. Idan jijiyar ta cika, sai layi. Hoto ya makara da daƙiƙa biyu, ba wanda zai lura. Murya ta makara da rabin daƙiƙa, sai uwa da ɗa su yi ta katse juna, kowa na zargin rezo.

A shekarar 1998 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, mai mazauni a Amurka, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 802.1Q. Ta ƙara wata ƴar shaida mai bit 32 a goshin kowane ƙunshi da zai bi babbar jijiya. Bit 12 daga ciki suna faɗin rukunin da ƙunshin ya fito, har rukuni 4094, don kada saƙon ma'aji ya cuɗe da na baƙi. Bit 3 kacal aka ware wa daraja, wato mataki takwas, daga 0 zuwa 7. Ƙunshin da ba a ce komai a kansa ba yana kan 0. Bidiyo yana kan 4, murya 5. Mataki na 7 na akwatunan ne da kansu, don zancen da suke yi tsakaninsu kan lafiyar hanya. Abin mamaki, 1 ya fi 0 ƙasƙanci: nan ake jefa kayan da ba mai jiran su. Kamfanin Cisco ya taɓa yin tasa shaidar mai suna ISL, amma ta fi nauyi, kuma kayansa kaɗai ke jin ta, sai aka yi watsi da ita.

Sai dai shaida ba umarni ba ce. Akwatin da ba a saita ba yana ganin lambar 5 ya wuce da ita kamar bai gani ba. Kuma da yake kowace na'ura tana iya liƙa wa kayanta babbar lamba, kamar direban siminti ya rubuta "albasa" a jikin motarsa, mai kula da rezo yakan goge shaidar da ta shigo daga waje ya sa tasa. In ba haka ba kowa ya zama mai gaggawa, layi ya koma yadda yake.

Shaidar ba ta faɗaɗa hanya ko da taƙi ɗaya. Inda jijiya ta yi ƙanƙanta, fifita murya yana nufin takardar wani ta daɗe a baya. Ba ta kuma yin doguwar tafiya: da ƙunshi ya fita daga rezon gida zuwa babbar intanet, ana cire ta, sai wata alama mai bit 6 da ke cikin saƙon kansa, wadda kamfanonin da ke tsakanin Tawa da Abijan ba dole ba ne su girmama.