A Raɗa Wa Lungunanmu Suna

Jama'a, a zamanin nan an koya wa kwamfuta wani aiki mai amfani ƙwarai. In ka rubuta mata adireshi, sai ta duba kundin tituna da aka ba ta, ta fito da lambobi biyu masu nuna wurin a taswira. Kano, alal misali, tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, digiri 8 da rabi gabas da Landan. Digiri guda daga kudu zuwa arewa kuwa kusan kilomita 111 ne, sai a yi ta gutsuttsura shi har a kai ƙofar gidan mutum.

Amma fa na'ura ba ta san gaibu ba, abin da aka rubuta mata shi kaɗai ta sani. A Sabon Gari, wadda aka yanka filayenta layi layi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tituna suna da suna, gidaje suna da lamba. Duk da haka akwai cikas, gama titin da hukuma ta mayar Abuja Road har yau jama'a France Road suke ce masa. A lungunan Fagge kuwa kwatance ake yi: bayan masallaci, daura da gidan mai unguwa. Ko sunan unguwar ma, wani ya rubuta Fagge, wani Fage. Ina na'ura za ta gane wannan?

Kada wani ya ce zancen 'yan boko ne. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san abin da jinkirin minti kaɗan ke jawowa. Motar kwana-kwana da ta asibiti ba su da lokacin tsayawa tambayar hanya.

Saboda haka muna roƙon Ƙaramar Hukumar Fagge da hukumar taswirar filaye ta jiha, watau KANGIS, su zauna da dagatai da masu unguwanni. A raɗa wa kowane lungu suna, a buga wa kowane gida lamba, a tsai da rubutu iri ɗaya, a kuma ajiye tsohon suna tare da sabo cikin kundi guda. Su ma jama'a kada su ɗauka dabarar haraji ce su kankare lambar. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya sa mu dace, amin.