Gadar Gaya Da Kuɗin Da Majinyaci Ke Biya

A jadawalin harajin bai ɗaya na ƙasashen UEMOA, magani yana rukunin kayan da ba a ɗora wa kuɗin duwan, domin an yarda cewa lafiya ba abin tatsa ba ce. To, shugabanni, ku faɗa mana abin da ya sa allurar ciwon suga da ƙwayar hawan jini suka yi wa talakan Gaya tsada, alhali gadar da magani ya saba bi ya shiga Nijar tana bakin ƙofarsa.

Laifin farko na CEDEAO ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, aka rufe iyaka ba tare da an bar wa magani ƙofa ba. Kwantenoni suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wadda a lokacin ita ce babbar mashigar kayan Nijar, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil ta Benin, ƙetaren gadar. Ƙungiyar masu farmasi ta ƙasa ta yi ta kukan ƙarancin magani. An ce sojoji ake horarwa. Wane soja ne ya rasa magani? Mai naƙuda ce ta rasa, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar a tsakiyar damina. Wannan zalunci ne.

Amma ku mahukuntan Yamai ma ba ku fita ba. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, hanyar Kamba ta Najeriya ta buɗe a watan Maris, ku kuma kuka bar gadar a toshe kuna kafa hujja da tsaro. Tsaro gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai wanda ya iya haɗa ayarin sojoji su rako kaya daga Lome ta cikin Burkina, ai ba zai gaza binciken motar magani a kan gada guda ba. Doguwar hanyar nan tana cin mai, tana cin makonni, kuma duk abin da ta ci a kan mai takardar likita ake fanshe shi. Ga shi insulin da rigakafi sanyi suke so, ba doguwar tafiya ba. An rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati a 2024, madalla, amma majinyacin da aka ce wa “babu, je ka saya waje” bai ga ragin ba.

Kuma rufe gada bai rufe kogin Isa ba. Kwalekwale na ta tsallakawa da mutane da kaya, abin da ya bi ta ruwa kuwa ba mai duba ingancinsa. Nan ɗan fasa-ƙwauri ke cin kasuwarsa, ƙwayoyin da ba a san asalinsu ba su cika faifan masu talla, suna gasuwa a rana. Ƙasar da aka yi wa jama'arta jabun rigakafin sanƙarau a annobar 1995 bai kamata ta yi wasa da wannan ba.

Ku yi rigimarku ta siyasa da Kwatano yadda kuka ga dama, amma ku cire magani daga cikinta. A ware wa motocin magani hanyarsu a gadar Gaya, jami'an duwan da na lafiya su bincika su, a bar su su wuce.