Wasiƙa zuwa ga Gwamna Bilatus Babunti

Mai girma Gwamna,

Gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riƙe Yahudiya shekara goma a ƙarƙashin Kaisar Tibariyas. Bayan haka, ina da 'yan maganganu, ina roƙon ka yi haƙuri da ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar Juma'ar nan. Ga Yesu a gabanka, bayansa duk shatin bulala, ka tuna masa cewa sakinsa da gicciye shi duk a hannunka suke. Gaskiya ne, sojoji naka ne, hatimi naka ne. Amma da bakinka ka ce ba ka same shi da laifi ba, har sau uku. Uwargidanka ta aiko maka kana kan kujerar shari'a, ta ce ka fita harkarsa saboda mafarkin da ta yi. Taro na ambaton sunan Kaisar sai gabanka ya faɗi, ka nemi ruwa ka wanke hannu, ka saki Barabbas. Yallaɓai, wane irin iko ne wannan da ya kasa sakin marar laifi? Shi da ke ɗaure bai roƙe ka komai ba, sai ma ya gaya maka ikon da kake tinƙaho da shi daga sama aka ba ka.

Kuma ba ƙarfi ka rasa ba. Josefus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ba da labarin yadda ka ɗebi kuɗin Haikali ka jawo ruwa zuwa Urushalima, da jama'a suka koka ka saka sojoji cikinsu a ɓoye da kulake. Kujerar da ka ba da jinin adali don ka tsare ta, ita ma ba ta zauna ba. A shekara ta 36, bayan kisan Samariyawa a Dutsen Gerizim, aka tura ka Roma ka amsa tuhuma. A 1961 masu tono suka gano dutse mai sunanka a Kaisariya, an mai da shi matakalar gidan wasa.

Kukana mafi nauyi shi ne ka bar magada, har cikin ikilisiya. Akwai mumbarin da ake auna albarkar Allah da mota da yawan 'yan rakiya. Attajiri na kujerar gaba, gwauruwar da ta kawo aninanta biyu na tsaye a bakin ƙofa. Mai wa'azi ya san gaskiya sarai, amma yana tsoron ɓata wa babban mai baiko rai, sai ya yi shiru. A majami'u da yawa, ran Lahadi muna furta sunanka cikin shaidar bangaskiya, cewa a zamaninka Almasihu ya sha azaba, sannan mu koma gida muna roƙon Allah ya ba 'ya'yanmu irin kujerarka. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Saura tambaya ɗaya. Ka tambayi Yesu mece ce gaskiya, sai ka juya ka fita wurin taron. Me ya hana ka tsayawa ka ji amsa?

Naka cikin girmamawa,
Wani mai bin wanda ka hukunta