Zaƙami Ba Shi Da Ma'auni

'Yan'uwa, duk wanda ya zaga jujin Sabon Gari ko bakin kogin Wudil da damina ba ya rasa ganin zaƙami, mai fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya cike da iri. Mutanen da ba su sa masa suna haukata-yaro a banza ba.

Ba mu ce ba shi da amfani ba. Tun kaka da kakanni a kan shaƙi hayaƙin busasshen ganyensa don ciwon fuka, kuma lalle ya kan buɗe ƙirji. Masana sun bincika sun sami dafi iri uku a cikinsa, watau hayosin, wanda ya fi yawa, da hayosayamin, da atirofin. Shi atirofin ɗin nan tun 1833 aka tace shi a Jamus daga wani tsiro ɗan'uwan zaƙami. Har yau likitoci suna ɗiga shi a ido, suna kuma ceton wanda ya sha fiya-fiya da shi.

To, ina bambanci? Awo ne. Likita da miligiram ya ke aunawa, mai magani kuwa da tafin hannu. Ga shi ƙarfin dafin ya kan sāɓa daga wannan tsiro zuwa wancan, gwargwadon ƙasa da ruwa da girmansa. Saboda haka abin da ya warkar da wani bara ya iya kashe wani bana. In ya yi yawa sai baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, fitsari ya tsaya, mutum ya shiga sambatu. A 2019 irin wani jinsinsa ya gauraya da garin kunun agaji a Karamoja ta ƙasar Uganda, mutum fiye da 250 suka kwanta, 5 suka rasu.

Ra'ayinmu shi ne kada a sha shi ko kaɗan, balle samarin da ke zuba wa abokansu a kunu wajen biki, wai wasa. Mu da za mu riƙe aji gobe, wajibi ne mu kai shi gaban yara su gan shi, su san shi. Mu gaya wa iyaye kuma, in yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko a ce iska ce. A garzaya asibiti da shi, a riƙo ragowar tsiron a nuna wa likita.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyashe mu, amin.