SMIG jika 42: a takarda ta ke, ko a aljihun ma'aikaci?



Gwamnati ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta, wanda ake ce ma SMIG, daga sefa 30.047 zuwa jika 42 a wata. Ƙungiyoyin ƙwadago a Yamai sun yi murna, mu ma mun yi. To amma ku tambayi mai gadin shago, ko yaron da ke zuba mai a tasha, ko malamar lakkol mai zaman kanta, ku ji nawa sunka amsa ƙarshen wata. Da yawa ko tsohon SMIG ɗin ba su taɓa gani ba, balle sabon.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda mutane sunka yarda cewa dokar ta ma'aikatan gwamnati ce da na manyan kamfanoni. Ba haka ba ne. Dokar aiki ta 25 ga Satumban 2012 ta shafi duk wanda ke aiki ƙarƙashin wani ana biyan shi, ko da a rumfar kasuwa ne. Awa 40 ne aikin mako. In an raba jika 42 ga awowin wata, awa guda ta kama wajen dala 48, yinin awa 8 kusan jika 2 ke nan. Wanda ke buɗe shago da hantsi ya rufe bayan isha'i, ranar Juma'a ma bai huta ba, shi yi lissafin da kanshi.

Sai batun takarda. Nan wajenmu da baki ake ɗaukar mutum aiki: "zo gobe ka fara, za mu daidaita". In ka nemi a rubuta, sai a ce ba ka da kunya, ko ba ka yarda da ɗan'uwa ba. Ku sani, doka ba ta jefar da alkawarin baki ba, ana iya kafa shaida a kanshi. Hasali ma kwantaragi mai wa'adi shi ne doka ta ce a rubuta. Amma ranar rigima, wanda ke riƙe da ko da ƴar takardar biyan albashi ya fi wanda ba ya da komai sai rantsuwa. Haka nan rajista a asusun CNSS: nauyin mai ba da aiki ne, kuma ita ce ke tsaya ma ma'aikaci in buhu ya karya mishi baya ko tsufa ya zo.

Mun san abin da masu shaguna za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Ciniki ya ja baya, kaya sun yi tsada, albasa ma in ta yi kwantai a kwarin Tarka kowa na ji a jikinshi. Wani in an tilasta mishi jika 42, korar yaron zai yi. Mun ji. Sai dai mai tashar mai biyu da motoci bisa hanya ba zai fake bayan mai teburin shayi ba. A fara da masu hali.

Ina ma'aikaci zai kai kuka? Wurin sufeton aiki, shi ke fara sulhu, in ya gagara a tafi kotun aiki, kuma shigar da ƙara can kyauta ne. Matsalar ita ce nisa. Mai gadin da ke Keita ko Bouza ba zai bar aiki, ya biya kuɗin mota zuwa Tahoua, ya kwana, don bin bashin wata biyu ba. Shi ya sa muke roƙon hukuma ta riƙa turo sufeto garuruwanmu ranar kasuwa, ko da sau ɗaya a wata, a ba shi ɗaki a ma'aikatar magajin gari, mu kuma gidajen rediyo mu sanar da ranar tun da wuri.